Charles Diggs da maganar "ya ci, amma ai ya yi aiki"

Akwai wata magana da nake yawan ji a majalisar shayi, kuma duk lokacin da na ji ta sai raina ya ɓaci. Ana cikin hirar wani ɗan siyasa da ake zargi da taɓa dukiyar jama'a, sai wani ya gyara zama ya ce, "To, ya ci ɗin, amma ai ya yi aiki." Daga nan musu ya mutu, kowa ya koma kan kofinsa. Na daɗe ina neman misalin da zan riƙa kawowa, wanda ba ɗan jam'iyyar kowa ba ne a cikinmu, ba ɗan garin kowa ba, yadda za a saurare ni ba tare da an ce ina yi wa wani aiki ba. Na same shi a birnin Detroit na Amurka. Sunansa Charles Diggs, ya yi shekara 25 a Majalisar Wakilan ƙasar, daga 1955 zuwa 1980, kuma a iya sanina ba a yi ɗan majalisar Amurka da ya wahalta wa Afirka kamarsa ba a zamaninsa. Shi ne kuma kotu ta kama da cin kuɗin albashin ma'aikatan ofishinsa.

Zan fara da aikin, domin wanda bai san girman aikin ba ba zai gane girman asarar ba.

An haife shi a Detroit ranar 2 ga Disamba 1922. Mahaifinsa yana da gidan shirya gawa da jana'iza, wanda a Amurka sana'a ce ta kuɗi, kuma a tsakanin baƙar fata na wancan lokacin tana ba mutum wani irin 'yanci, tunda abincinsa ba a hannun Turawa yake ba. Uban ya zama sanata a majalisar jihar Mishigan a 1937. Daga baya aka ɗaure shi kan cin hanci, jama'a suka sake zaɓensa a 1950, majalisar ta ƙi rantsar da shi, ɗan ya tsaya zaɓen cike gurbi a 1951 ya gaji kujerar. Ba na kawo wannan don in ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Laifin uba ba ya hawa kan ɗa. Na kawo shi ne don a san cewa Diggs ya ga da idonsa, a cikin gidansu, yadda kuɗin da ba na halal ba suke kayar da mutum daga kujera. Bai shiga siyasa a makance ba.

A 1954 ya kayar da ɗan majalisa mai ci, George O'Brien, a zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Dimokurat, ya zama baƙar fata na farko da jihar Mishigan ta tura majalisar tarayya. Da ya isa Washinton, baƙar fata uku ne kacal a cikin wakilai 435: shi, da William Dawson na Shikago, da Adam Clayton Powell na Harlem.

Bai cika shekara a kujera ba aka kashe Emmett Till. Yaro ne ɗan shekara 14 daga Shikago, ya je hutu wurin dangi a jihar Misisipi, aka ce ya yi wa wata Baturiya fito a kanti. Mijinta Roy Bryant da ɗan'uwansa J. W. Milam suka ɗauke shi cikin dare a watan Agusta 1955, suka lakaɗa masa duka, suka harbe shi, suka jefa gawar a kogi. Da aka zo shari'a a garin Sumner a watan Satumba, a duk majalisar Amurka, ta wakilai da ta dattawa, mutum ɗaya ne ya taka ƙafarsa ya je ya zauna a kotun, kuma Diggs ne. Shekararsa 32. Misisipi ba mazaɓarsa ba ce, babu ƙuri'a ko ɗaya da zai samu a can, kuma wuri ne da a wannan shekarar aka harbe baƙar fata saboda sun ƙarfafa wa mutane gwiwa su yi rajistar zaɓe. 'Yan sandan da ke ƙofa sun kasa yarda cewa akwai wani abu wai shi ɗan majalisar tarayya baƙar fata. Sai da alƙali ya sa baki aka bar shi ya shiga, aka zaunar da shi a teburin da aka keɓe wa 'yan jarida baƙar fata. A gundumar da aka yi shari'ar, baƙar fata sun fi Turawa yawa, amma ko ɗaya ba ya cikin rajistar zaɓe, saboda haka ko ɗaya ba ya cikin mutum 12 da za su yanke hukunci. Turawan nan 12 suka yi shawarar sa'a ɗaya da 'yan mintoci suka ce waɗanda ake tuhuma ba su da laifi. Bayan 'yan watanni mutanen biyu suka faɗa wa wata mujalla da bakinsu cewa su suka kashe yaron.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan labarin shi ne wani saurayi ɗan shekara 18, Willie Reed, ɗan ƙodago a gonar auduga, wanda ya tashi a gaban Turawa ya ba da shaidar cewa ya ji ihun duka daga cikin wani rumbu. Bayan wannan shaidar, kwana ɗaya a Misisipi ganganci ne da ransa. Diggs na cikin waɗanda suka fitar da shi, ya raka shi har Shikago. Duk abin da zan faɗa daga baya, ban manta da wannan ba, kuma bai kamata kowa ya manta ba.

Sai Afirka. A watan Maris 1957 yana cikin tawagar Amurka, ƙarƙashin mataimakin shugaban ƙasa Richard Nixon, da ta halarci bikin 'yancin kan Ghana. Ya koma Akara a 1958 wajen babban taron al'ummun Afirka da Kwame Nkrumah ya kira. Daga nan nahiyar ta shiga ransa. Ya shiga kwamitin harkokin waje a 1959, ya yi haƙurin shekara goma, a 1969 ya zama shugaban ƙaramin kwamitin Afirka. Har laƙabi aka yi masa, Mista Afirka.

Wanda bai san yadda majalisar Amurka ke aiki ba zai iya raina wannan muƙami. Shugaban ƙaramin kwamiti ba ya ba da kwangila, ba ya raba kuɗi. Ƙarfinsa shi ne yana iya kiran zama, ya gayyato jami'an gwamnati da shugabannin kamfanoni, ya yi musu tambayoyi a bainar jama'a, a rubuta kome a buga. Kafin Diggs, kwamitin Afirka wuri ne da ba kowa ke sha'awa ba. Shi ya mayar da shi wurin da ake tambayar kamfanonin Amurka nawa suke biyan baƙar fata a masana'antunsu na Afirka ta Kudu, kuma me ya sa Amurka ke ƙawance da Fotugal alhali tana yaƙar masu neman 'yanci a Angola da Mozambik da Gini Bisau. A Fabrairu 1969, yaƙin basasa na ci, ya zo Najeriya ya ga halin da ake ciki ya koma ya kai wa majalisa rahoto. A 1973, lokacin da fari ya ƙare dabbobi ya kori mutane daga garuruwansu a Nijar da Mali da Cadi da arewacin Najeriya, kwamitinsa ya zauna a kan maganar. Iyayenmu da suka sha wannan farin ba su san sunansa ba, amma yana cikin 'yan ƙalilan da suka tilasta wa Washinton ta dube su.

A 1971 majalisar Amurka ta amince a ci gaba da sayen ma'adinin kurom daga Rodeshiya, wato Zimbabuwe ta yau, duk da takunkumin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaƙaba wa gwamnatin Turawa 'yan tsiraru ta Ian Smith. A ƙarshen shekarar gwamnatin Nixon ta sabunta yarjejeniyar sansanin soja da Fotugal a tsibiran Azores. Diggs yana cikin tawagar Amurka a babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin. A watan Disamba ya ajiye wannan matsayi, ya faɗi dalilinsa a fili. Ya kuma kai gwamnatinsa kotu kan maganar kurom. Bai yi nasara a kotu ba, amma bai saki maganar ba, har aka soke dokar a 1977.

A cikin gida ma haka. Shi ya tara 'yan majalisa baƙar fata wuri ɗaya a 1969, taron da a 1971 ya zama ƙungiyar Congressional Black Caucus da mutum 13, shi ne shugabanta na farko. Nixon ya yi ta ƙin ganinsu, suka ƙaurace wa jawabinsa na shekara a Janairu 1971, a watan Maris ya kira su. A 1973 Diggs ya zama shugaban kwamitin da ke kula da birnin Washinton. Birni ne da kusan kashi 70 cikin 100 na mazaunansa baƙar fata ne a lokacin, amma ba su da ikon zaɓen magajin garinsu, saboda tsohon shugaban kwamitin, John McMillan na jihar Karolina ta Kudu, ya shafe shekaru yana danne maganar. Cikin shekara ɗaya Diggs ya fitar da dokar, aka sa mata hannu a Disamba 1973, a 1974 mutanen Washinton suka zaɓi Walter Washington.

To, wannan shi ne "ya yi aiki". Ban san ɗan siyasar da ake karewa a majalisar shayinmu da zai iya aza nasa kusa da wannan ba.

Yanzu ga "ya ci". A watan Maris 1978 aka gurfanar da shi. Abin da ya yi ba wani sabon salo ba ne, mu kashe-mu-raba muke ce masa. Majalisa tana ba kowane wakili kuɗin biyan ma'aikatan ofishinsa. Sai ya ƙara wa wasu albashi, su kuma su mayar da ƙarin ta hanyar biya masa basussukansa, na kansa da na ofis, har da wasu da ake biya daga asusun gwamnati alhali aikin gidan jana'izarsa suke yi. Babbar mai shaida a kansa matar da ta riƙe masa ofis ce. Manyan mutane sun zo kotu sun yabi halinsa, ciki har da Coretta Scott King, matar marigayi Martin Luther King, da Andrew Young, jakadan Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya. A watan Oktoba 1978 aka same shi da laifi a tuhuma 29, daga baya aka yanke masa ɗaurin shekara uku. Wata ɗaya bayan an same shi da laifi aka yi zaɓe, mutanen mazaɓarsa suka mayar da shi da kusan kashi 80 cikin 100 na ƙuri'u.

Wannan zaɓen shi ne zuciyar maganata, kuma ba na son in yi wa mutanen Detroit rashin adalci. Suna da dalilai, masu nauyi kuwa. Mutane ne da suka ga yadda hukumar bincike ta FBI ta bibiyi Martin Luther King tana neman ɓata shi. Sun ga yadda majalisa ta hana Adam Clayton Powell kujerarsa a 1967, har sai da Kotun Ƙoli ta ce a 1969 an karya tsarin mulki. Idan gwamnatin da ta yi wannan ta zo ta ce naka ɓarawo ne, dole ka yi shakka. Diggs da kansa ya ce tsintarsa aka yi daga cikin masu yin irin abin da ya yi, kuma zargin ba banza ba ne gaba ɗaya, domin a daidai wannan lokacin Daniel Flood, Bature ɗan majalisa daga Pensilbaniya, ya amsa laifi a 1980 a shari'ar da ta samo asali daga zargin cin hanci, bai kwana ko ɗaya a kurkuku ba. Bahaushe ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na fahimci wannan, kuma da ina Detroit a 1978 na san hannuna zai yi rawa a rumfar zaɓe.

Duk da haka ina ganin sun yi kuskure, kuma ina da dalilai.

Da farko, maganar tsinta ba ta tsaya da ƙafafunta sosai ba. An ɗaure Turawa kan wannan laifin kansa. J. Parnell Thomas na New Jersey, wanda ya shugabanci kwamitin farautar 'yan gurguzu, an same shi da cin albashin ma'aikata a 1949 ya tafi gidan yari. James Hastings na New York ma an same shi da irin laifin a 1976 an ɗaure shi. Ko da a ce an tsinci Diggs ɗin, tsintar tana nuna mugun nufin mai tuhuma ne, ba ta wanke wanda ake tuhuma. Idan an kama ɓarayi biyu aka saki ɗaya, gyaran shi ne a komo da wanda aka saki. Shi kansa Diggs, a 1979, ya rubuta wa kwamitin ɗa'a na majalisa ya amsa cewa ya amfana da kuɗin da ba nasa ba, ya nemi afuwa, ya yarda zai mayar da dala 40,000 da 'yan kai. Waɗanda suka rantse a kansa a watan Nuwamba, bayan wata takwas shi ya ƙaryata su da alƙalaminsa.

Sannan akwai waɗanda aka ci ta hannunsu, waɗanda masu cewa "ai ya yi aiki" ba sa tunawa da su sam. Ka ɗauki ma'aikaciyar ofis, maigidanta mutum ne da duk baƙar fatar Amurka ke alfahari da shi, ya ce mata za a ƙara mata albashi amma ƙarin ba nata ba ne. Diggs ya ce da son ransu suka yi. Wane son rai ne tsakanin mai ɗaukar aiki da wanda zai iya kora gobe da safe? An sa ta cikin laifi, sunanta ne a takardun, kuma ranar da ta faɗi gaskiya wasu za su kalle ta a matsayin wadda ta ci amanar jinsinta. Mutumin da ya raka Willie Reed saboda ya san abin da ake yi wa ƙaramin mutum idan ya yi shaida a kan babba, shi ne ya jefa ma'aikatansa cikin wannan ƙuncin. Wannan ya fi yawan kuɗin ciwo a wurina.

Babban dalilina kuwa shi ne maganar "ya ci amma ya yi aiki" tana ɗauka cewa ci da aiki sahu biyu ne da ba sa haɗuwa, kamar ana auna su a sikeli, wanda ya rinjaya shi ke nan. A rayuwar Diggs ba haka abin ya kasance ba. Cin shi ya cinye aikin. Mutanen Detroit sun iya mayar masa da kujera, amma ba su iya mayar masa da ƙarfinsa ba. A farkon 1979 ya sauka daga shugabancin kwamitin Washinton da na Afirka. Shekara goma ya jira kafin ya samu kwamitin Afirka, ya yi shekara goma yana gina shi, ya rasa shi a shekarar da ake tattaunawar da ta kai ga 'yancin Zimbabuwe a Afrilu 1980. Maƙiyan manufofinsa, masu son a ci gaba da ciniki da gwamnatin wariyar launin fata, ba su taɓa iya kayar da shi a zaɓe ko a muhawara ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma shi ya tsaga bangon da hannunsa, a kan kuɗin da ko a ma'aunin wancan zamanin ba su kai a zubar da shekara 25 dominsu ba.

Wani sabon ɗan majalisa daga Jojiya, Newt Gingrich, ya dage sai an kore shi. Yunƙurin bai yi nasara ba, da ƙyar. Ranar 31 ga Yuli 1979 majalisa ta kaɗa ƙuri'ar tsawata masa, 414 ba ko ɗaya da ya ƙi. A al'adarsu wanda aka yi wa haka yana tsayawa a gaban zaure, shugaban majalisa ya karanta masa hukuncin kowa na kallo. Diggs ya tsaya, Tip O'Neill ya karanta. Cikin masu ƙuri'ar har da 'yan ƙungiyar da shi ya kafa, kuma ina girmama su a kan haka, domin na san bai zo musu da sauƙi ba. Sun yi abin da masu zaɓe suka kasa: sun riƙe mutuncinsa a zuciya, ba su ce baƙi fari ne ba.

Za a ce mini, to me kake so mutanen Detroit su yi, su zaɓi abokin hamayya da ba ya ƙaunarsu? A'a. Mazaɓar ba ta rasa mutane ba. Wanda ya gaje shi a 1980, George Crockett, tsohon alƙali ne baƙar fata, lauyan da ya taɓa shiga kurkuku saboda tsayawa kan kare waɗanda yake wakilta, kuma shi ma ya ci gaba da yaƙi da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu. A 1978 ma yana nan a Detroit. Abin da aka rasa shi ne manyan gari da za su shiga wurin Diggs su rufe ƙofa su ce masa, "Mun san abin da ka yi mana, ba za mu bari a goge shi ba, amma ka sauka." So hana ganin laifi, haka ne, sai dai son da ya bar mutum ya yi shekara ɗaya da rabi a majalisa ba shugabancin kwamiti ba murya, har aka tsayar da shi a gaban zaure, bai yi masa gata ba. Ya ƙara masa tsawon wulaƙanci ne, ya kuma bar mazaɓar da wakilin da ba ya iya yi mata kome.

Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙararsa, ya yi murabus ranar 3 ga Yuni 1980, ya yi wata bakwai a gidan yarin tarayya a Alabama. Da ya fito bai koma siyasar Detroit ba. Ya zauna a jihar Maryland, ya koma sana'ar mahaifinsa, ya kuma koma makaranta ya kammala digiri a Jami'ar Howard a 1983, yana da shekara 60.

Irin da ya shuka bai mutu ba, wasu ne suka girbe. Randall Robinson, wanda ya yi aiki a ofishinsa, shi ya jagoranci ƙungiyar TransAfrica da aka kafa a 1977. A Nuwamba 1984 Robinson da wakilin birnin Washinton Walter Fauntroy da Mary Frances Berry suka shiga ofishin jakadancin Afirka ta Kudu suka ƙi fita, aka kama su, zanga-zanga ta bazu a ƙasar. A Oktoba 1986 majalisa ta danne ƙin amincewar shugaban ƙasa Ronald Reagan ta ƙaƙaba wa Afirka ta Kudu takunkumi, abin da Diggs ya fara kira a yi tun mutane na ganin mafarki yake. Ranar da aka kaɗa wannan ƙuri'a shekararsa 63, da ƙarfinsa, shekarun da ɗan majalisar Amurka ke kan ganiyarsa.

A watan Yuni 1990 Nelson Mandela ya yi jawabi a zauren da aka tsayar da Diggs shekara 11 kafin nan, bayan kwana biyu ya wuce Detroit, dubban mutane suka cika filin wasa suna tarbarsa. A wannan shekarar Diggs ya nemi ƙaramar kujera a majalisar jihar Maryland, bai samu ba. Ya rasu ranar 24 ga Agusta 1998, yana da shekara 75, aka mayar da gawarsa Mishigan.